Matar da ta tsare fili har magariba

Ranar wata Alhamis ce a watan Agustan 2010, azumi na neman goma. Tun da hantsi garin ya ɗauki zafin nan na New York mai danshi, wanda riga ke manne wa mutum a baya ko da zaune yake. A wata ƙaramar jami'a da ke arewacin Bronx, 'yan matan ƙungiyar ƙwallon ƙafa sun fara atisayen shiga kakar wasa, safe da rana, a kan ciyawar roba mai ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. A bakin filin akwai wata mata gajera kakkaura, da hula mai baki, da almakashi rataye a ƙugu. Sunanta Nankling Filimon, asalinta Pankshin, girmanta Jos. Ita ce mai kula da lafiyar 'yan wasa. A ƙarshen wannan zangon karatu take ajiye aiki, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, duk da ni ba mai son zama wuri ɗaya ba ne.

A Tompkinsville take zaune, can Staten Island. Kafin rana ta fito tana cikin jirgin ruwa, daga nan ta shiga jirgin ƙasa ya ratsa da ita Manhattan tun daga ƙasa har sama. Ita ke fara buɗe ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin zauren motsa jiki. Ta cika kuloli da ƙanƙara, ta jera gorunan ruwa, ta yayyanka filasta. Sai 'yan matan su fara shigowa, kowacce ta hau tebur ta miƙa ƙafa, Mama Nankling na naɗe idon sawu tana jin labarin wadda ta faɗi jarrabawa da wadda saurayi ya daina kira. In ana zafi, kowa sai ta hau sikeli kafin atisaye da bayansa, don a ga ruwan da ya fita daga jikinta. In an watse ita ke wanke goruna. Filin nasu ba ya cika. Iyaye ne 'yan kaɗan, da wani dattijo mai zuwa da karensa. In an ci wasa aka taru ɗaukar hoto, da wuya ka gan ta a ciki, tana can gefe da jakar ƙanƙara a gwiwar wata.

Ƙanwata Hanan ta shiga jami'ar a shekarar. Ba kiran ta aka yi ba, ita ta kai kanta ta ce a gwada ta. Koci ya ce to, ta yi atisaye da su, in ta ci gwajin gudu a ƙarshen wata za a sa ta a ƙungiya, in ba ta ci ba sai baɗi. Hanan ta san in ba ta shiga bana ba, ba wata baɗi, don da kyar Umma ta yarda da wannan ɗin ma. Sai ta yanke wa kanta shawara: za ta yi azuminta, ba kuma za ta gaya wa kowa ba. In aka busa usur na shan ruwa, sai ta ruga da sauran, ta ɗauki gora, ta guntsa, ta kurkure baki ta zubar. 'Yan ƙwallo da yawa na yin haka, ba wanda ya kula.

Mama Nankling ta kula. Daga baya ta ce mana kurkurar ce ta tona: yarinyar ba ta ɗaga kai sama yadda mai ƙishi ke yi, sunkuyawa take yi a hankali irin ta mai alwala da ke tsoron ruwa ya wuce. Ga sikeli kuma kullum yana nuna ta fi kowa zubewa. Ba ta yi mata tambaya da Turanci ba, don ta san amsar da za ta samu. Ta bari sai da Hanan ta zo wucewa, sannan ta ce da Hausa, kamar mai gaisuwa a hanya, "Yaya ibada?"

"Alhamdu lillahi," in ji Hanan, kafin ta tuna inda take.

"To. Zo ki zauna a inuwa."

Hanan ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma har yau in tana faɗa sai ta yi dariya tana jin haushi.

"Mama, don Allah kar ki gaya wa koci."

"Zan gaya masa."

"Cire ni zai yi. Ni fa ba kowa ba ce a nan."

"Ki sha ruwa, in yi shiru."

"Ba zan sha ba."

"Na sani. A cikinku na girma, na san taurin kanku. Na faɗa ne don kar gobe ki ce ban ba ki zaɓi ba." Ta ɗora mata jiƙaƙƙen tawul a wuya. "'Yata, na taɓa ɗaukar yarinya daga kan ciyawar nan ba ta san sunanta ba, ga ta da ruwa cike da ciki. Ke kuma tun asuba. Ba zan ɓoye ba. Amma ba zan tsaya a cire ki ina kallo ba."

Kocin ba mugu ba ne. Ya ce yana girmama azumi, sai dai yana da 'yan mata sama da ashirin da ke gudu a rana, ba zai sassauta wa ɗaya gwaji ba. Mama Nankling ta ce ba sassauci ta zo nema ba. A bar Hanan ta yi na safe daidai gwargwado, na rana kuma a mayar mata da shi dab da faɗuwar rana, yadda tana gamawa za ta sha ruwa. Ya ce dokar makaranta ba ta yarda ɗaliba ta yi atisaye ba tare da ma'aikaci a fili ba, shi kuma da yamma yana ɗauko 'ya'yansa. Ta ce, "Ni ma'aikaciya ce."

Daga nan na shigo labarin da idona. Lokacin ina wankin mota a titin Jerome, Umma ta ce in na tashi in wuce in taho da Hanan gida University Heights, tunda sai duhu take gamawa. Ranar farko matar ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne yayan? Me kake yi yanzu?"

"Wankin mota, Mama."

"Watan jiya fa?"

"Kai abinci a keke."

"Haka aka ce mini. To zauna nan ka gwada zama. In ka kai magariba ba ka gudu ba, akwai kunu."

Na zauna. Na ga mace da ta bar gida tun kafin gari ya waye, tana jera robobi a fili, tana busa usur, tana jefa wa yarinya ɗaya tilo ƙwallo. Ita ba koci ba ce, amma ta karɓi tsarin atisayen kowace rana daga wurinsa, ba ta rage komai ba. In Hanan ta yi lalaci ta ce, "Azumin a baki yake, ba a ƙafa ba, sake." In ta ga idonta ya fara canzawa ta ce, "Ya isa," kuma ko Hanan za ta yi kuka ya isa ɗin. Ita ke duba lokaci. Rana na faɗawa bayan gine-gine za ta buɗe jaka ta fito da dabino da filas ɗin kunun gyaɗa, ta ce, "A sha ruwa lafiya." Ba ta barin mu tafi sai Hanan ta shanye abin da ta auna mata, ta yi sallarta a gefen benci. Sannan ta kulle ɗaki, ta kama doguwar hanyar Staten Island, gobe kuma ta riga kowa zuwa.

Ranar gwaji ta roƙi koci a yi da sassafe, kowa da kowa, ya yarda. Gudu ne daga wannan raga zuwa waccan a dawo, a maimaita har sai ya ce ya isa, wadda usur ya riga ta isa layi ta faɗi gwajin. Ban je ba, ina wurin aiki. 'Yan matan suka ce a zagayen ƙarshe Hanan na can baya, Mama Nankling na bin gefen fili da ɗan gudunta na mai ciwon gwiwa, tana yi mata faɗa da wani yare da ba sa ji, har Hanan ta taka layi tare da usur. Sauran yinin a ɗakin ƙanƙara ta yi shi, kwance, da tawul a ka. Washegari koci ya kira sunayen waɗanda suka shiga. Nata ne na ƙarshe, amma yana ciki.

Da a nan labarin ya tsaya, da kowa ya ji daɗi. Sai ga wasannin farko na kakar sun faɗo a ƙarshen azumi, da tsakar rana, cikin wani zafi da ya fi na baya. Koci na son ya sa Hanan a gefen hagu, don wadda ke wurin ta kammala karatu. Sai da amincewar Mama Nankling 'yar wasa ke shiga fili, ita kuma ta ce a'a.

"Kin sa na ci gwajin don in zauna a benci?" in ji Hanan.

"Na sa kin ci don ki buga shekara huɗu."

"Minti ashirin kawai, Mama."

"Ko biyar."

Wata yarinya aka sa a gefen hagun, ta buga da kyau, ta riƙe wurin har ƙarshen kaka. Hanan ta daina gaishe ta. Takan hau tebur ta miƙa ƙafa ta kau da kai, Mama Nankling ta naɗe sawun tsaf kamar kullum, da yamma kuma ta kawo kununta. Sai ranar Sallah da Umma ta ɗora wa Hanan kular tuwo da miyar taushe ta ce ta kai wa matar nan da hannunta, in ba haka ba kar ta dawo mata gida, sannan aka shirya.

Shekarar da ta biyo baya, azumi ya cinye watan Agusta gaba ɗaya, amma ba wadda ta ɓoye. Hamdatu, mai tsaron raga, 'yar zangon Kumasi, ta shiga atisayen magariba tun ranar farko, da wata 'yar Albaniya. Na tambayi Hamdatu me za ta ce game da Mama, ta ce da Hausarsu ta Gana mai ce wa mace "shi", "Mama Nankling? Shi ba ya jin roƙo. Na karya yatsa na ce a ɗaure in koma, ya ɓoye safar hannuna a kular ƙanƙara." Ta ƙara da cewa, "Shi ya kai ni asibiti, ya zauna har uwata ya zo."

Abu ɗaya ba mu sani ba sai a walimar ban kwana da aka yi mata makon jiya. Ƙawarta Abigel, 'yar cocinsu, ta ce a wancan Agustan na farko zumuntar matansu na shirin babban taron shekara, kuma Nankling ce ke buga musu tulu. Koyon waƙar da yamma ake yi. Shugabarsu ta ce wadda ba ta zuwa koyo ba za ta hau dandamali ba. Nankling ta miƙa tulun ga wata, ba ta faɗi dalili ba. Wadda ta karɓa ɗin ita ke bugawa har yau.

Mama, ke ce kika ga yarinya na azumi a ɓoye ba ki ce ta karya ba, ba ki kuma bar ta ta faɗi ba. Ke ce kika iya cewa a'a ga mai kuka, washegari ki naɗe mata ƙafa da hannu mai taushi. Uwar fili, mai almakashi a ƙugu. Ke ba ki taɓa ɗaukar azuminmu ba, amma kin tsare shi kamar naki. A madadin Umma da Hanan da ni da na sha kunun da ban yi wa gudu ba, mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki huta.

Ga sauranmu da ke aiki a asibitoci da makarantu da filin jirgi na wannan gari, akwai yaranmu a kusa da ku da ke ɓoye abu don tsoron kar a cire su. Kun san alamun da Bature ba zai gane ba. Ku yi magana da su, sannan ku shirya biyan abin da maganar za ta ci, don tana ci.

Ga abin da ta ci a wancan karon. Hanan ta rasa wasa uku da gefen hagu na shekara guda. Mama Nankling ta rasa yammacinta na makonni, da taron shekara, da tulunta. Azumi kuwa ba a rasa ko ɗaya ba, kuma ba a ɗauki kowa daga fili a kwance ba.