Namadi Mai Majigi a Gaban Masu Taki

Shekara goma sha tara Namadi ya yi yana haska fim a gidan sinima na Kaura Namoda. Ko ido rufe yana iya haɗa zaren fim in ya tsinke. Da aka ƙaddamar da Shari'a, har Gusau ya tafi a bayan a-kori-kura, ya yi kabbara har muryarsa ta dushe. Ba a jima ba aka rufe gidajen sinima. Ya lulluɓe na'urar haska fim da buhu, ya miƙa makulli.

Wata bakwai yana zaune, sai aka ce wani kamfanin taki na neman mai kula da sito a Shinkafi. Matarsa Lauratu ta wanke masa babbar riga ta kai wa mabugi.

Mutum uku ya tarar bayan tebur. Babbansu, Alhaji Maitama, ya ce, "Malam Namadi, in ruwa ya makara, manoman Katuru sunka ƙi sayen taki, mi za ka yi da kayan?"

Namadi ya ce, "Sai in jira ruwa, ranka ya daɗe."

Na gefe ya murmusa. "To in wani ya karya farashi a kasuwa fa?"

"Wallahi ban sani ba. Amma na san mutane. Shekarar da gero ya yi kyau, bencin sinima cika yake. In fari ya taɓa ƙauyen Banga, tun daga bakin ƙofa nake ganewa."

Alhaji Maitama ya daɗe yana kallonsa. "Na gane ka. Muna makarantar horon malamai kai ke haska muna. Allah Ya sa alheri, za ka ji daga gare mu."

Bai ji ba. Ko a motar komawa ya san ba zai ji ba; ya juya fuska wajen gonaki don kada fasinjoji su ga idonsa. A gida Lauratu ta dube shi sau ɗaya, ta ajiye masa fura.

Da damina suka koma Dauran, gonar wansa. Hannun da bai saba da fartanya ba ya yi ta ɗurar ruwa. Daga baya ya kafa tebur yana gyaran rediyo a kasuwar Zurmi, har ganinsa ya raunana. Yara masu kawo masa gyara ba su san ya taɓa yin wata sana'a ba, shi kuma bai gaya musu ba.