Tsagar Gidansu a Fuskar Ɗan Kwangila

Mu uku ne muke fitar da 'yar mujallar, amma mutum ɗaya ne ya iya zane a cikinmu. Ni malamin firamare ne a Daura, aikina rubuta 'yar maganar da ke ƙarƙashin hoto da juya hannun inji. Na biyu akawu ne a wani ofishi, shi ke riƙe da makullin ɗakin da injin gurza takardu yake. Na uku abokina ne tun muna 'yan aji ɗaya, shi ma malami, kuma saboda shi ake neman takardar. In da don rubutuna ne, masu ƙosai kaɗai za su karɓe ta, su ma don naɗi.

A lokacin, kuɗin arzikin man fetur sun fara yi wa mutane yawa. Ma'aikata sun karɓi ariyas, wato bashin ƙarin albashi, gari ya cika da sababbin babura da rediyo mai kaset, wanda bai iya keke ba ya hau babur ya nufi katangar maƙwabci. Tela ya rufe shago ya zama ɗan kwangila, mahauci ya zama ɗan kwangila, har wanda ban taɓa ganin ya ɗora bulo kan bulo ba sai ka ji an ba shi ginin azuzuwa. Abin dariya ya yi yawa a gari, kuma ba mai zana shi. Shi ya sa muka fara.

Ba wata babbar aba ba ce. 'Yan shafuka ne da muke ɗinkewa da zare, ba ma sayarwa, hannu da hannu take tafiya. Direbobin motocin kasuwa su kai wa malamai a Sandamu da Baure, har wani malami a Baure ya fara aiko mana da nasa zanen, jakunansa duk kamar karnuka. Wani mutumin Ibo mai shagon kayan gyaran mota a bakin tasha yakan manna shafukan a bangonsa, ko da bai gama gane Hausar da ke ƙasa ba, hoton ya ishe shi. Abokina kuwa yana da buri a kanta. Yana tara shafukan ne don ya nuna su a Zariya, inda yake neman a ɗauke shi kwas na zane, kuma duk wanda ya ga aikinsa ya san za a ɗauke shi.

A kan sitensil yake zane, wata takarda ce mai kaki wadda ake karcewa, tawada ta bi ta wurin karcen ta sauka a kan farar takarda. Alƙalamin da aka yi don wannan aiki ba mu da shi, sai ya samo basilla ya dakushe bakinta a kan dutse. In yana son inuwa a jikin riga, sai ya ɗora sitensil ɗin a kan faifai ya goga da bayan cokali, saƙar faifan ta fito. Wahalar abin ita ce ba a gogewa. In hannu ya zame, shi ke nan, ka ɓata sitensil guda. Don haka kafin ya sa basilla sai ya zauna shiru yana zana abin da ɗan yatsa a kan gwiwarsa, ya yi ta maimaitawa har sai hannun ya haddace. In ka gan shi a majalisa yatsansa na yawo a kan gwiwa, to wani a wurin ya kusa shiga mujalla.

Da farko kanmu muka riƙa yi wa tsiya. Ni ne malamin da ya faɗa kwata da sabon babur, hula a sama, takalmi ɗaya a hannun yara. Akawu ne ya fito yana barci a kan tebur, fayil ya zama matashi. Ba wanda ya ji haushi, don mun san juna.

Sai aka gina mana sabon aji a makarantarmu, ruwan farko na damina ya kwantar da bangonsa ɗaya. Allah ya sa ranar ba karatu. Ɗan kwangilar baƙo ne, ba mu taɓa ganin ko ƙeyarsa ba. Abokina ya ce zai zana shi yadda ya kamata ya kasance: ƙaton tumbi, babbar riga, yana tsaye gaban tarin yashi kamar tsauni yana auna siminti da ƙaramin cokalin shayi.

Matsalar ta taso a kan fuska. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a Daurar wancan lokaci kafin mutum ya buɗe baki ka riga ka karanta kuncinsa. Tsagar da wanzami ya yi masa ran suna ita ke gaya maka ko ɗan wane gida ne. Abokina kuma ba ya iya barin fuskar babban mutum haka fayau, cewa yake irin wannan fuska ta jaririn da ba a raɗa wa suna ba ce. Na ce a bar ta ba komai, tunda baƙo ne. Akawu ya ce a sa ta wani gida da yake jin haushinsu. Abokina ya girgiza kai.

"Ba zan ci mutuncin gidan kowa ba," in ji shi. "Tamu zan sa. In an yi dariya, mu aka yi wa, kuma ni na ja."

Muka ce madalla, wannan shi ne dattaku. Ya sa bille a kuncin hagu da 'yan gajerun tsaga a gefen baki, irin nasa sak. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har yau ban ga abin da ya zana da ya kai shi ba.

Abin da bai zo ran kowa ba shi ne baffansa. Mahaifin abokina ya rasu tun yana ƙarami, ƙanen mahaifin ne ya riƙe shi, ya sa shi boko, ya yi masa aure. Mu a wurinmu mai fataucin shanu ne, haka muka taso muka gan shi. Amma a wannan daminar shi ma guguwar ta ɗebe shi, ya samu kwangilarsa ta farko, ginin azuzuwa a wani ƙauye ta wajen Sandamu. Mutum ne mai jiki, mai son babbar riga. Kuma a duk garin, in ka haɗa tumbi da kwangila da wannan bille, mutum ɗaya za ka samu.

Duk da haka da abin ya tsaya a 'yan kwafin da muka saba bugawa, da ya mutu a tsakanin malamai. Amma sitensil ba ya mutuwa da bugu ɗaya. In an gama akan cire shi daga inji a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, duk ran da aka so a mayar a ƙara gurzawa. Akawu ke ajiye mana su. Ran wata kasuwa na shiga gari na tarar da shafin nan shi kaɗai, ba sauran mujallar, a hannun masu nama, a hannun 'yan kamasho, a manne a jikin motoci. Akwai wani attajiri da ya nemi kwangilar nan baffan ya riga shi, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake da makullin ɗakin inji. Kafin la'asar yara sun fara bin baffan a baya suna cewa "mai cokali."

Baffan ya aiko a kira ɗansa, wato abokina. Na bi shi, don a zatona in an ga baƙon ido za a sassauta. Muka same shi a zaure a kan buzu, takardar na gabansa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har ya tambaye ni mutanen gida. Sannan ya ɗora yatsa a kan kuncin hoton, ya ɗaga ya ɗora a kan nasa.

"Wannan ta wane gida ce?"

"Tamu ce, Baffa."

"To, a gidan namu mutum nawa ne ke kwangila?"

Abokina ya fara bayani. Ni ma na sa baki, na ce wallahi Baba ba da kai ake ba, baƙon da ya gina mana aji ne, kuma an sa tsagar gida ne don kada a taɓa kowa. Ya saurare ni har na gama.

"Malam, na yarda da kai," ya ce. "To, ka tashi ka bi kasuwa rumfa rumfa ka gaya musu."

Ya juya ga ɗansa, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ina zaune a wurin ran da wanzami ya yi maka wannan tsagar. Ni na sayo maka fensir mai launi na farko daga Kano. Malaman unguwa suka yi ta zuwa nan suna cewa zanen mai rai ba kyau, na toshe kunnena, na ce a bar maraya ya yi abin da ke faranta masa rai. Yau na shiga masallaci mutane suna sunkuyar da kai don kada in ga suna dariya."

Abokina ya kifa goshinsa a ƙasa. Da ya ɗago sai na ji ya ce, "Baffa, wallahi tallahi hannun nan ba zai ƙara zana mai rai ba."

Na juya ina kallon tsohon, ina jira ya ce a'a, ba haka nake nufi ba, janye rantsuwarka. Kalma ɗaya ce, kuma shi kaɗai ke da ikon faɗinta. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya tura ƙarƙashin buzu.

"Na ji," ya ce. "Ku tashi ku je."

Wannan "na ji" ban taɓa yafe ta ba, ko da yake na san mutumin an cuce shi, kuma azuzuwan da ya gina suna nan tsaye har yau, ba ko tsagewa. Garin ma ban yafe masa ba. Kafin kaka ta shigo an manta da mai cokali, an koma kan wani. Waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyata dariya su ne suka fi kowa cewa ai yaron ba shi da kunya, ya zagi wanda ya rene shi. Akawu kuwa da na tare shi sai ya rantse mini cewa masinja ne ya ɗauki makulli. Bai shekara ba ya ajiye aiki, ya koma yaron attajirin nan, daga baya shi ma ya zama ɗan kwangila mai mota. In mun haɗu a wurin ɗaurin aure yakan kama hannuna ya ce, "Malam, ka tuna 'yar mujallarmu? Kai, mun yi ƙuruciya!" Ni kuma in ce na tuna.

Abokina bai je Zariya ba. Na yi ƙoƙarin fitar da mujallar sau ɗaya da jakunan malamin Baure, ba wanda ya tambayi ta gaba. Na je har wurin wani malami na tambayo masa hukuncin rantsuwar, aka ce kaffara ta wadatar, ya ciyar ko ya yi azumi. Na kawo masa labari da murnata, ya ce, "Na sani, Malam. Ba azumin ne ke da wuya ba." Da baffan ya rasu na sake tayar da maganar bayan an share makoki, ya dube ni kamar na zagi gawar, ban ƙara ba. Ya ci gaba da koyarwa. Wani lokaci yakan rubuta wa masu shaguna allon suna, ko ya yi wa direbobi furanni a jikin mota. In direba ya ce a ƙara zaki ko mikiya, sai ya ce bai iya ba.

Shekaru da yawa bayan haka ina zaune a ƙofar gidansa da hantsi, sai 'yar autarsa ta fito da littafin makaranta. An ba su aikin gida, a zana akuya. Ta miƙa wa ubanta.

"Kai wa baffanki Malam," ya ce mata. "Ni ban iya zane ba."

Yarinyar ba ta yi mamaki ba, don ita abin da ta sani ke nan. Ta kawo mini. Na karɓi fensir na fara, ni da ko da'ira ban iya rufewa daidai ba, akuyar ta fito kamar tebur mai ƙaho. Ina cikin fama da ƙafafu na saci kallonsa. Idonsa na kan titi, amma yatsansa na tafiya a kan gwiwa, ya hau ya sauka, ya lanƙwasa, ya koma ya sake.

"Ƙafar baya ba haka take karyewa ba," ya ce a hankali.

Na miƙa masa fensir ɗin. Ya dube shi, ya tura hannunsa cikin aljihun riga, ya ce wa yarinyar ta yi wa baffanta godiya.