Mashin ɗin Mandera da na tarar da injinsa da ɗumi

Boɗinga, biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallar asuba na tsaya a ƙofar gidan Ɗan'ige bakanike ina buga masa ƙyaure. Kuɗin da zan sayi mashin suna cikin aljihun wandon ciki, kuma su ne duk abin da na mallaka: albasar rani da na sayar, da tunkiyar mai ɗakina wadda ta ba ni ba tare da na roƙa ba. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti bayan Kajiji. Daga Boɗinga nake zuwa, mota biyu sannan kabu-kabu, kuma sau uku ke nan shugabanmu yana zuwa ya tarar da mata zaune a ƙofa ban iso ba. Na ƙarshen ya ce in aka kuma, zai rubuta ni. Idan na sayi mataccen inji, kuɗin sun tafi, aikin ma yana iya binsu.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin mashin ɗin. Ya ce wani tsoho ne a Mandera ke sayarwa da sauƙi, domin ya ci hanya sosai. Na aika cewa muna tafe bayan azahar. Wannan dabarar Ɗan'ige ce. A wurinsa duk mai sayar da mashin na hannu ɓarawo ne har sai ya ga akasin haka. Ya ce suna tada inji tun kafin mai saye ya iso, ya yi zafi, hayaƙin farko ya fice, in ka buga ya tashi kamar sabo. Maganinsu ka ce azahar, ka faɗo musu da sassafe.

Mun shiga mota a bakin titi shida da minti biyar, naira dubu ɗaya da ɗari biyar kowa, mu huɗu a baya da buhun barkono a kan ƙafafuna. Shinge ɗaya muka tarar kafin Shagari. Aka leƙa fuskokinmu da tocila duk da gari ya waye, direba ya yi abin da ya saba, muka wuce.

Shagari, bakwai saura kwata

Ban yarda mun tsaya shan shayi ba, Ɗan'ige ya yi ta mita. Muka ɗauki wani ɗan kabu-kabu mai suna Hali, mutumin Mandera ne, ya ɗora mu mu biyu. Hanyar ƙasa ce mai rairayi, sau biyu na sauka muka tura. Da ya ji gidan da za mu, ya ce gidan Malam Buba ke nan. Ni kuwa ina ta lissafin taya da sarƙa a raina, ban ma tambaye shi wane irin mutum ne tsohon ba.

Mandera, bakwai da minti ashirin da biyar

Malam Buba dogon tsoho ne, siriri, zai haura saba'in. Bai nuna mamakin ganinmu da wuri ba. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo kunu, ya yi ta gaishe mu yana tambayar gajiya da mutanen Boɗinga. Ɗan'ige bai bari gaisuwar ta ƙare ba ya ce a nuna mana kaya.

Mashin ɗin yana cikin wani ɗaki kusa da zaure, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Fentin tanki ya koɗe inda gwiwa ke gogawa, kujera an yi mata faci da zaren buhu. Na duƙa na karanta mita: kilomita dubu casa'in da ɗaya da ɗari huɗu. Ɗan'ige ko kallon mitar bai yi ba, ya sa bayan hannunsa a jikin inji, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Likita, taɓa nan. Baba, wa yat tada mashin ga da sahen ga?"

"Ni nit tada shi," in ji tsohon.

Na taɓa, da ɗumi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na baro gida ko karyawa ban yi ba don kada a yi mini wannan, ga shi an yi mini, kuma mai furfura ne ya yi. Na tambaye shi dalili, ya ce haka nan dai. Na tambayi ina mai hawansa, tunda shi a ganina ko keke ba zai iya ba. Ya ce yaron ba shi nan. Muka ɗauka ya tafi ci-rani Kudu kamar sauran samari, ya bar wa uban sallahun sayarwa.

Ɗan'ige ya ce ba mai buga mashin ɗin sai ya huce sarai. Muka fito da shi inuwar darbejiya muka zauna awa ɗaya da kwata muna gadinsa, tsohon yana zaune gefe da carbi. Kunun ma ya huce a kwano.

Tara saura kwata Ɗan'ige ya sake taɓawa, ya ce yanzu ne. Bugu ɗaya ya tashi. Ya tara farin ƙyalle a bakin salansa, ya ciro shi fes. Ya kafa sukurdireba a jikin inji ya manna kunnensa a kan mariƙin ya daɗe yana saurare. Ya zare ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya duba notocin inji ɗaya bayan ɗaya, ya hau ya zagaya bayan gari ya dawo. Sannan ya ja ni gefe kamar zai yi fitsari, ya ce mini ƙasa-ƙasa ba a taɓa buɗe injin nan ba, ko sifana ba ta taɓa cizon notocinsa ba. Wanda ya riƙe shi bai taɓa wasa da juyen mai ba, kuma bai taɓa zaluntarsa da gudu ba. Ya ce inji irin wannan ya fi sabon da yara suka yi wata shida suna tsere da shi, zai kai ni shekaru. Taya ta baya da sarƙa kawai zan sauya. Amma in ɗaure fuska.

Na kuwa ɗaure. Tsohon ya ce dubu ɗari biyar da hamsin. Na ce mashin da ya zagaye duniya, wanda sai an ɗumama shi a ɓoye kafin baƙi su zo? Na faɗa da ƙarfi, har maƙwabcinsa da ya zo shaida ya sunkuyar da kai. Na maimaita zancen ɗumin nan ya fi sau uku, alhali na riga na san ba shi da wata illa. Na tsaya a kan ɗari huɗu da tamanin. Malam Buba ya dubi mashin ɗin, bai dube ni ba.

"Yadda kunka ce. Allah shi sa albarka."

Aka rubuta takardar ciniki, shaidu suka sa hannu, ya kawo rasit na asali a cikin leda, lambar inji ta yi daidai. Da zan buga in tafi, ya roƙe ni in tura shi zuwa bakin gari tukuna. Na ce a raina wani sabon iyayin tsufa ne, amma na tura. Goma da kwata muka bar Mandera, Ɗan'ige a bayana, Hali da ya tsaya jiranmu yana biye da mu.

Shagari, sha ɗaya da rabi

Kai tsaye muka wuce wurin masu kayan gyara. Taya, sarƙa da sifaket, baƙin mai, filogi, na cika tanki. Abin da na zabge wa tsohon kusan duk ya tafi a nan, ina murna dabara ta biya. Na sayi shinkafa da wake da soyayyen kifi na mu uku, muka zauna a benci. Ɗan'ige yana ba mai abinci labarin yadda muka kama tsoho da inji da ɗumi, yana dariya. Hali ya ajiye cokali.

"Ashe ba ku san mi af faru ba? Mai mashin ga ya rasu tun ga damana."

Ya ce sunansa Sanda, ɗan Malam Buba, abokin sana'arsa ne. Duk wanda ciwo ya kama a Mandera da ƙauyukan gefenta, da mai naƙuda da wanda maciji ya sara, Sanda ke kai shi, wani lokaci har Sakkwato, a hankali, da mai riƙe mara lafiya a baya. Tafiyar da na gani a mita ke nan. Ranar da amai da gudawa suka kama shi, sauran masu mashin duk sun tafi cin kasuwa. A amalanke aka ɗora shi. Suka tarar da asibitin da ya fi kusa a kulle, ma'aikacin bai iso ba, kafin su kai na gaba ya cika. Ban tambayi wane asibiti ne ba. Ba nawa ba ne, nawa ya yi musu nisa, amma na san irin abin da ke hana mutum isowa.

Tun daga lokacin, in ji Hali, kullum ƙarfe bakwai, daidai sa'ar da Sanda ke fita, tsohon zai shiga ɗakin ya tada mashin ɗin ya bar shi yana aiki na ɗan lokaci. Da fari ya ce wai don kada inji ya lalace da ajiya. Daga baya kowa ya gane uwar Sanda ba ta iya sa komai a bakinta da safe sai ta ji ƙarar. Yanzu za a raba gado, ya bar 'ya'ya uku, shi ya sa dole a sayar. A nan na gane abin da ya sa tsohon ya roƙe ni in tura shi: kada ta ji ƙarar tafiyarsa.

Na ce to me ya hana shi faɗa mini, yana ji ina ci masa fuska a ƙofar gidansa? Hali ya dube ni kamar wanda ba a ƙasar nan aka haifa ba.

"Ɗan hwari na hwa, Likita. Ko sunanai ba shi hwaɗi, balle shi zauna shi ba baƙo labarinai."

Ɗan'ige bai ƙara cin loma ba. Ni ma kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na yi wayo. Na lalubi aljihu, abin da ya rage bai kai a tunkari dattijo da shi ba. Na ce wa Hali ya gaya masa zan dawo. Ya ce to, irin to ɗin da mutum ke yi in ya sha jin haka.

Komawa Boɗinga

Ƙarfe ɗaya muka kama titi. A shingen da muka wuce da safe aka tsayar da mu, aka karɓi rasit da takardar ciniki, wani ya duƙa ya goge lambar inji da yatsa ya gwada, ya miƙo mini. Kilomita ashirin da 'yan kai ne zuwa gida, kuma injin bai yi ko tari ba. Ina jin sautinsa a ƙarƙashina sumul, kowane giya yana shiga lafiya, na kasa jin daɗinsa. Na sauke Ɗan'ige a garejinsa.

Biyu saura minti goma na shiga gida. Mai ɗakina ta fito ta zagaya mashin ɗin tana sa albarka, ta tambayi ko an yi mana sauƙi. Na ce an yi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Ɗan'ige da kunnensa, da Hali da bai ɓoye mini gaskiya ba. Wata biyar ke nan ban makara aiki ba ko sau ɗaya, matan da ke jirana a ƙofa sun shaida. Mandera kuwa har yau ban koma ba. Kowane ƙarshen wata ina cewa wannan karon, sai wata lalura ta riga ni. Ƙarfe bakwai nake buga mashin ɗin in fita, kuma na san a daidai lokacin akwai wata tsohuwa da aka ajiye wa kunu a gabanta, gidan shiru.