Usta Ergesh da Fitilar Birkina

Kafin masu gasa samsa, wato irin sambusan garin, su hura wuta a layin kanikawa na birnin Osh, ogan kanikawa Usta Ergesh ya riga ya share ƙofar garejinsa, ya yayyafa ruwa, ya ɗora butar koren shayi. Duk wanda ya kawo mota, sai ya zauna kan benci ya karya gurasa tukuna. "Da sanyi take yi, ko sai ta ɗauki zafi?" haka yake farawa. "A hawa, ko a shimfiɗe?" Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan tambaya. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin, gwiwoyinsa sun ƙi sauka ramin duba mota. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani.

Ni malamar makaranta ce a garin Nookat. Shekara biyu da suka wuce ƙodar mijina Mamatkul ta gaza, aka ce sai an wanke masa jini sau uku a mako a Osh, tafiyar kusan awa guda. Dole na koyi tuƙi ina da shekara hamsin da biyu, a tsohuwar motarsa mai canja giya da kanta, wadda ta girmi autarmu.

Da kaka sai motar ta tsiro da wani hali. Muna tafe lafiya, sai allurar inji ta yi sama, ta faɗo, ta sake hawa, motar ta yi zillo kamar an fizge ta ta baya. In an fito da Mamatkul daga wanki, ko tari wahala yake ba shi. Kowace fizga sai ya runtse ido.

"Ainagul, ƙafarki ce," in ji shi. "Shekara ashirin ina tuƙa ta, ba ta taɓa yi mini haka ba."

Na yarda. Na riƙa danne gwiwata da hannu ina tuƙi. Wani gareji ya canja man giya, ba ta daina ba. Na biyu ya jona na'ura, ya ce giyabos ya mutu, sai an jira sabo har mako biyu. Mako biyu wanki shida ke nan a motar haya, ana matse shi tsakanin buhunan dankali.

Wani direban tasi mai suna Jolchu ne ya gan ni ina kuka a ƙofar asibiti. "Yaya, kai ta wurin Usta Ergesh. Zai ɗura miki shayi har ki gaji, amma ni tawa, da kowa ya ce a sauke inji, waya ɗaya ya ɗaure."

Usta ya saurare ni har ƙarshe. Bai buɗe gaban motar ba. Ya shiga gefena muka zaga gari, ba ta yi komai ba, kunya ta kama ni.

"Haka suke, ƙanwata," ya ce. "Suna ganin bakanike sai su zama na Allah. Yaushe maigidan zai fito?"

Da azahar muka ɗauko Mamatkul. Usta ya ce in kama hanyar gida yadda na saba, shi zai biyo mu a tasa motar. Ya rufe gareji da rana tsaka saboda mutanen da bai taɓa gani ba. Mun yi nisa, motarmu ta yi zillonta son ranta, sannan ya yi mini fitila na tsaya.

"Sau nawa kika taka birki tun daga gadar can?"

"Ko sau ɗaya."

"To, fitilar birkinki ta kama sau goma sha bakwai."

Ya durƙusa kan tsakuwa da gwiwoyin nan nasa, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Ya fito da wata 'yar roba da ba ta kai maɓallin riga ba, ta cinye saura kaɗan. Ita ce ke danne makunnin fitilar birki. Da ta lalace, duk gargadar da aka taka sai makunnin ya motsa, motar ta zaci an taka birki, ta saki riƙon giya, inji ya yi sama. Ta gane ba haka ba ne, ta sake kamawa. Ya laluba aljihu, ya sa wata, ya gyara zaman makunnin.

Sannan ya leƙa kujerar baya. "Ɗan'uwa, na bi matarka kilomita talatin. Rabin direbobin tasin Osh ba su da natsuwar ƙafarta."

Muka shiga Nookat, motar na tafiya sumul. Mamatkul ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata. "Ki yafe mini, uwar 'ya'yana." Tun ranar, barci yake yi a hanyar dawowa.

Usta, kai ne ka ga abin da na'ura ba ta gani ba, domin ka yarda ka ɓata yininka a bayan motar wata. Kai ne wanda bai taɓa ce wa mai mota "ba ka san komai ba". Da ka so, da ka sauke giyabos ɗin nan, da kuma na yi maka godiya ban san an cuce ni ba. Mai haƙurin sauraro, na gode. Ka gyara mota, ka kuma cire mini laifin da na ɗauka wata uku ba nawa ba.

Ku kanikawan da ke tasowa, kafin ku kwance abu, ku tambaya. Ku shiga ku zauna, in ta kama ku bi mutum har hanyar gidansu.

Ran Asabar ta ƙarshen wata, mu da Usta ya taɓa taimaka wa za mu dafa masa shinkafa da naman rago a ƙofar garejin. Duk wanda Usta ya taɓa duba masa mota, ya zo. Likita ya hana Mamatkul cin mai yawa, amma ya rantse shi zai yanka karas, ko da a zaune ne.