Ɗaurin da Istifanus Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Istifanus. Ya faɗi a matakalar tashar jirgin metro ta Ma'adi a Alƙahira wata Juma'a da safe, muna hanyar coci, ni nake riƙe da gitarsa. Kafin motar asibiti ta iso ya cika. Likita ya ce huhu ne, ƙurar marmarar da ya shaƙa a wurin aiki.

Ba ɗan'uwana ba ne na jini. A hanyar Sudan muka haɗu, a bayan wata babbar mota, kowannenmu ya baro garin da babu sauran abin komawa. Niyyarmu Alƙahira zango ce, mu huta mu wuce. Ba mu wuce ba. Fasfo ya mutu, iƙama, wato takardar zama, ba ta samu ba, gaba a rufe, baya ba gida. Muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Ard al-Liwa. Shi yana yankan marmara, ni ina wanke motoci a garejin wani bene. Yana kirana Kurma, wai kunnena ado ne kawai. Ni ina kiransa Mai Takwas, don injin yanka ya cinye masa yatsu biyu na hagu.

Yatsun nan ne suka haɗa shi da wannan gitar. Tun a gida shi yake kaɗa wa cocinsu. Da injin ya yi masa ɓarna, ya kasa danne tsirkiya. Wani Bature da zai bar ƙasar ya ba shi wata irin gita da ban taɓa gani ba. A cinya ake kwantar da ita kamar faranti. Ba a danna ta da yatsa. Guntun ƙarfe mai santsi ake ja a kan tsirkiyoyinta shida, hannun dama yana kaɗawa. Sautinta yana zamewa sama da ƙasa kamar muryar mutum. In Istifanus ya ga dama sai ta ce "Ubangiji", ka ji da kunnenka, yadda kalangu yake kiran sunan mahauci.

Amma tana da sharaɗi. Ƙarfe ba ya lanƙwasa. In ka ɗora shi, duka tsirkiyoyin yake takewa a layi ɗaya. Don haka abin da ka ɗaure a cikinsu kafin a fara waƙa, da shi za ka zauna har a ce amin. Ba gyara a tsakiya. Ya daɗe yana murɗa kunnuwan gitar a ɗakinmu, yana neman ɗaurin da zai zauna a kai, har maƙwabcinmu ɗan Sudan ya riƙa buga bango.

Masu ilimin kiɗa suna kiran ɗaurin nan da haruffa da lamba. Shi nasa sunayen ya raɗa musu. Akwai ɗaurin gida, wanda in ka kaɗa duka shidan sauti ya fito cikakke ya zauna. Ya dace da tsofaffin waƙoƙin da muka tashi da su, sai dai ya ce ya cika kwanciyar hankali. Akwai ɗaurin zuma, mai daɗi ƙwarai, matan coci suka so shi, shi ya ƙi. "Wannan na waɗanda bizarsu ta fito ne," in ji shi. Na ƙarshen daga na gida ya ciro shi, tsirkiya ɗaya tak ya sassauta, ta shida. Sai sautin ya tsaya a rataye, kamar wanda ya yi tambaya yana jiran amsa. Ya kira shi ɗaurin tsami. A kansa ya zauna har ya mutu.

Mu 'yan cocinmu aron ɗaki muke yi a wata majami'a, ranar Juma'a, don a nan Lahadi ranar aiki ce. Yawancinmu mata ne masu aikatau a gidajen Ma'adi. Babbarsu Mama Saratu, mai dafa wa wasu Turawa abinci. Ita ce ma'aunin Istifanus. Ranar da ya zauna a kan ɗaurin tsami ya ce mata, "Mama, ba ni murya." Ta rera layi ɗaya, ya murɗa kunnuwan har tsayin gitar ya yi daidai da nata. Ya juyo ya ce mini, "Da wuyan mutane ake ɗaure gita, Kurma." Na ɗauka cikin zolayarsa ce.

Ya koya mini kaɗan. Ya ɗiga jan farce a wuri uku a jikin gitar, ya ce in bi su, ko jaki zai iya. Da ya rasu gitar ta zama tawa, kuma ba wanda ya iya ta sai ni, a wuri ukun nan. Na yi alkawari ba zan canza ɗaurinsa ba. In tsirkiya ta tsinke sai in je titin masu sayar da kayan kiɗa in sayo wata, in daidaita ta da 'yan'uwanta da kunne. Haka muka yi ta sujada shekara da shekaru. Daga gareji zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa gareji, Juma'a kaɗai nake zama wani abu.

Bara abubuwa suka sauya. Wani iyali ya ba coci fiyano mai lantarki. Ɗalibai suka fara zuwa daga unguwar Madinat Nasr, cikinsu har da Rifkatu, mai karatun haɗa magunguna, wadda aka ba jagorancin mawaƙa. Ta san aikinta, kuma tana da ladabi. Ranar da muka fara gwaji, gita da fiyano suka kama faɗa kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. Ta nemo wani tsohon bidiyon Istifanus a wayar Mama Saratu, ta kunna, ta ce in kaɗa. Na kaɗa, ta saurara.

"Ma'alish, Baba Ayuba, ka yi haƙuri, amma ba nan ya bar gitar ba. Ta sauka. Sosai ma."

"Ba wanda ya taɓa ta."

"Ba sai an taɓa ba, Baba. Zafi ne da shekaru."

Gaskiyarta. Tsirkiyoyin sun yi ta sauka tare, sannu a hankali, ni kuwa ina daidaita kowace sabuwa da tsofaffin. Tsamin yana nan, tsayin ya tafi. Abin da nake gadi ya daɗe da fita ta baya ina tsaye a ƙofa.

Ta ba ni zaɓi. Ko a mayar da ita ɗaurin zuma, wanda ya fi shiga da sababbin waƙoƙinsu, ita za ta koya mini. Ko a ɗaga ta zuwa ainihin inda ya bar ta, sai ta yi daidai da fiyano. Na gwada zumar. Ɗigon jan farcen suka tashi daga aiki, hannun da ruwan wanki ya kumbura bai san inda zai dosa ba. Na ce khalas, shi ke nan, a mayar da ita inda mai ita ya bar ta. Ta murɗa, ina kallo.

Juma'ar da ta biyo muka ɗauko tsohuwar waƙar da ya fi so. Mama Saratu ta ja baki kamar kullum. Da aka zo wurin hawa muryarta ta tsage, ta yi tari, ta yi shiru. Sauran tsofaffin suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, yaran suka ƙarasa su kaɗai. Rifkatu ta saukar da sautin fiyano a waƙa ta biyu don tausayi, sai samarin suka rasa gindin waƙar suna gurnani. Coci ɗaya, wuya biyu. Da aka tashi, Mama Saratu ta tare ni a ƙofa.

"Ayuba, yau wa ka ɗaure wa gitar nan? Mamaci ko mu?"

Jiki magayi. Ashe ba tsirkiya kaɗai ta sauka ba, muryoyinmu ma tare suka sauka da ita, shi ya sa ba wanda ya ji.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Wataƙila ya yi dariya ya kira ni Kurma. Wataƙila ma ya koyi zumar ya shige cikin yaran, don in kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take yi, kuma shi bai taɓa tsoron murɗa kunnen gita ba. Ni ne mai tsoron. Abin da na tabbata shi ne ba zai bar tsohuwa ta yi shiru a gaban Ubangiji don ya kare wani tsayi ba, ko da tsayin nasa ne.

Na kai gitar gida. Na kira Mama Saratu, ta hau benen tana haki tana zagin mai gidan. Na ce, "Mama, ba ni murya." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta rera. Na sassauta tsirkiyoyin da hannuna, karo na farko da gangan, har suka sauko inda take. Ta shidan na bar mata tsaminta.

Tun ranar gitar ba ta ƙara shiga sujadar Juma'a ba, don ba ta jituwa da fiyano. Ban ga laifin kowa ba. Yaran suna da wuyansu. In an tashi coci, tsofaffin sukan biyo ni ɗaki, su zauna bakin katifa, mu yi waƙoƙinmu a ƙasa-ƙasa. Sannu a hankali muna raguwa. Wata ta samu tafiya, wata ta bi Istifanus.

Ba tsayin muryarsa ya bar mana ba, wannan ba ya ajiyuwa. Tsirkiya ɗayan nan ya bari, da tambayar da take yi, da al'adar a fara jin wuyan mutum kafin a taɓa ƙarfe.

Shi yana maƙabartar Kirista ta tsohon gari, ƙarƙashin marmarar da abokan aikinsa suka yanka masa. Ni ina Ard al-Liwa, a ɗakin nan dai, ba iƙama, ba hanya. Gitar tana jingine a bango, a ɗaurin tsami, tana ci gaba da sauka.