Ƙanena Mai Tsuguno

A lokacin ina tuƙa motar dabino daga gonakin Al-Awali zuwa kasuwa a Madina. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma a gidanmu na Ƙuba ni ne masanin ƙwallo. Abin da na faɗa ya zauna, kalas, magana ta ƙare.

Ƙanena ya tafi gabas wurin kawunmu, can ya koyi wani wasan Amurkawa wai shi besbol, wanda ake jefo ƙwallo a maka mata sanda. Daga baya wata ƙungiya a ƙasar waje ta ɗauke shi, wasan ya zama sana'arsa. Da ya aiko da kaset, Baba ya tara maƙwabta ranar Juma'a bayan an ci shinkafa, aka ce in yi bayani. Sai ga mutumin namu a tsugune bayan mai sanda, fuskarsa cikin wani keji na ƙarfe. Wallahi ban gane komai ba, amma girman kai ya hana ni faɗa. Na ce ai aikinsa tsintar ƙwallon da ta kuɓuce. Wani tsoho ya tambaya ko sai an hau jirgi ake koyon tsuguno, aka kwashe da dariya. Baba ya kashe talabijin. Fiye da shekara goma bai ƙara ambaton sana'ar yaron nan a gaban mutane ba, in yaron ya bugo waya kuma sai Baba ya tambaye shi yaushe zai nemi aikin mutunci.

Bayan ƙanena ya bar wasa ya dawo gida da yatsu a karkace, wani abokin wasansa Musulmi ya zo ziyara Madina, ya biyo ta gidanmu. Ya sumbaci kan ƙanena, ya gaya wa Baba da gurgun Larabcinsa cewa shi ne mai jifa, shi jaridu ke bugawa, amma bai taɓa jefa ƙwallo ba sai irin wadda mai tsugunon nan ya umarce shi da yatsu. Baba ya juyo gare ni, ya ce to malam masani, a sake mana bayani. Ƙanena ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba.

Yanzu duk baƙon da ya shigo sai Baba ya nuna masa yatsun ɗansa. Ni kuwa ko shayi na ce ya yi zafi sai an tambayi wani. Ina jin haushi, amma ni na jawo, kuma shekarun da Baba ya yi yana jin kunyar ɗansa ba mai dawo da su. Jama'a, in an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ni cewa hakan na kasa, ƙanena ya sha wuyar.