Tsaunin da Inna Ta Ƙi Ambata

Yayana ya samu aiki a jirgin kamun kifi da ya tashi daga tashar ruwan Abijan, ya nufi can ƙarshen kudu. Da ya daɗe a teku sai ya turo hoto ta waya: tsibiri, da tsauni a tsakiyarsa, ƙanƙara ta rufe shi daga ƙololuwa har bakin ruwa. Babu itace, babu ko bukka. Daga wannan hoton kuma ba mu sake jin sa ba.

Na kai wa Inna hoton a rumfarta ta atamfa a kasuwar Treichville, nan cikin Abijan. Al'adarta ce, duk wanda ya yi tafiya sai ta ambaci sunan garin da yake a cikin addu'a. Shi kansa ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne.

"Kai mai digiri," ta ce, "wane gari ne wannan?"

Labarin ƙasa na karanta a jami'a, amma na ce ta ba ni lokaci, kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na yi ta gwada hoton da taswirori. Na sami tsaunin da nake zaton shi ne, ko da yake tsaunukan can suna kama da juna. Sunan wani Bature ne aka sa masa, ma'aikacin jirgi na zamanin da.

Washegari na koma na faɗa mata.

"Shi ya kafa garin?"

"Babu gari, Inna. Ba wanda ke zaune a can."

"To me ya yi aka ba shi dutse guda?"

Na ce a wuraren nan wanda ya fara zana taswira shi ke raɗa suna. Wani lokaci na shugaban tafiya ake sawa, wani lokaci na wanda ya ba da jirgi.

"Shi wannan Baturen fa?"

Wata mata tana taya atamfa, Inna ko kallonta ba ta yi ba.

"Abin da na karanta, kuma ban san ingancinsa ba, ya hau tsibirin tare da abokan aikinsa. Su sun dawo."

Ta karɓi taswirar da na buga a takarda, ta matso da ita kusa da ido. Ba ta karanta boko, amma ta ga inda rubutu yake da inda babu. Ta ɗora yatsa a kan wasu ƙananan tsaunuka da ke gefe.

"Waɗannan fa?"

"Ba a sa musu suna ba tukuna."

"Tukuna," ta ce.

Ta ninke takardar ta miƙo mini. Da la'asar na ji ta a bayan rumfa tana addu'a. Ba ta ambaci tsaunin ba. Ta dai roƙi Allah Ya bar duwatsun nan yadda suke, babu suna.

Na duba wayata. Hoton ne dai saƙo na ƙarshe.